Yadda za ka kama kalmomin makoki a waƙoƙin Latin

In kana son karanta marsiyyar Romawa da Latin ɗinta kar ka fara da haddace jerin kalmomi daga ƙamus, wallahi kwana biyu duk sun zube. Fara sanin yadda suke jana'iza tukuna, kalmomin duk daga nan suka fito. A zamanin Katulus, wani mawaƙin Romawa, galibi ƙona gawa suke, to funus ita ce jana'izar, rogus tarin itacen da ake ɗora mamacin a kai, cinis tokar da ta rage, sepulcrum kabari, manes ruhohin matattu, inferiae kuma hadayar da ake kai wa mamaci a kabarinsa. Ka rubuta su a jere yadda abin ke faruwa, ba a jeren abajada ba.

Sai ka ɗauko waƙa ta 101 ta Katulus, in za ka nema Catullus ake rubutawa, baiti goma ne kacal, ya yi ta ne da ya je kabarin ɗan'uwansa da ya mutu can wajen tsohon birnin Turoi, a Turkiyya ta yau. Za ka ga inferias, za ka ga mutam cinerem wato toka bebiya, yana mata magana ya san ba za ta amsa ba, ni dai duk sanda na zo wajen nan sai na tsaya. Amma lura fa, cinerem ka gani ba cinis ba, shi ya sa dole ka riƙe kowace kalma da kamanninta biyu, don tana sauya kama a cikin jimla, cinis cineris, funus funeris, in ba haka ba za ka yi ta laluben ƙamus kana cewa kalmar ba ta ciki alhali tana nan.

Inda aikin yake shi ne kalmomin baƙin cikin kansu don fassarori sukan dunƙule su wuri ɗaya, kuma gaskiya asara ce. Dolor zafi ne, na jiki ko na zuciya. Luctus na rashin wanda kake ƙauna ne, Sisero, marubucin Romawa, ma haka ya bayyana shi a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, shekarar da 'yarsa Tuliya ta rasu, maeror kuma ya ce baƙin ciki ne mai tafe da kuka. Flere kuka da hawaye, lacrimae, amma plangere dukan ƙirji ne da hannu, abu ne da ake gani ake jin ƙararsa. Desiderium kewar wanda ya tafi, da ita mawaƙi Horas ya buɗe makokin abokinsa Kwintiliyus.

Karanta waƙar 101 ɗin da ƙarfi, kar ka yi a zuci, baiti dogo sai gajere ya biyo shi, kunnenka zai saba. In 101 ta zauna maka sai ka wuce Tristia, littafin waƙoƙin Obid, wanda Sarki Agustus ya kora zuwa Tomis a bakin Baƙin Teku a shekara ta 8 miladiyya, kalmomin nan za ka yi ta cin karo da su amma shi kansa da garinsu Rum yake wa kuka.