Inda Za Ki Kewaya Idan Kin Je Gandun Kyabobo

Da muka shirya zuwa gandun dajin Kyabobo a Ghana daga unguwar Nima ta Accra, ni da ƙannena biyu da Goggo, ba hawan dutse ne ya dame ni ba. Goggo tana da ciwon suga, fitsari ba ya yi mata jira, ga ta da kunya irin ta mutanen da. Shi ya sa nake rubuta wannan don mata 'yan'uwana.

Gandun yana yankin Oti, kusa da Nkwanta, a kan iyakar Togo. Tafiya ce ta yini guda: a haye gadar Adomi a Atimpoku, a bi Hohoe, Jasikan, Kadjebi. Tun a hanya ake fara lissafi. Duk inda mota ta tsaya a gidan mai ko tasha, ki sauka ki kewaya ko ba ki ji ya matsa ba, don direba ba zai sake tsayawa saboda ke ba. Ki riƙe canji, sidi ɗaya-ɗaya da bibiyu, domin salgar tasha ta kuɗi ce, kamar dai tamu ta unguwa. Kokon safe kuwa a rage shi ranar. Ruwa ne kawai ban yarda a rage ba. A kan tudu rana ba ta da tausayi.

Da safe ki gama komai a masaukinki na Nkwanta. Sai ofishin gandu, inda ake biyan kuɗin shiga a haɗa ku da jagora. Nan za ki nemi makewayi mai ƙofa. Ki tambaya tun kafin a ɗaura takalmi. Goggo ta ƙi buɗe baki, ni na ja jagoran gefe na ce, “Malam, tsohuwarmu tana yawan kama ruwa, a ina za mu riƙa tsayawa?” Bai ko ɗaga gira ba. Ya san inda ciyawa ba ta da tsawo, da inda gangare ba ya zamewa.

Kayan da ba na bari: ƙaramar buta, gora guda ta ruwan tsarki daban da na sha, sabulu, leda biyu, da zani babba. Zanin nan shi ya cece mu. Mutum biyu suka riƙe shi, Goggo ta samu sutura, hankalinta ya kwanta.

Idan abin ya kama a daji, kada ki ratse ba ki faɗa wa jagora ba. Ki bubbuga ciyawa da sanda saboda maciji. Ki yi nesa da rafi kamar taku 70, ki tona rami zurfin taƙi guda, ki rufe in kin gama. Audugar mata da takarda a leda za su koma gari. Wannan ina faɗarsa da zafi, don ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan mutanen ƙauyuka na ƙasa ke ɗiba. Kuma tun a makarantar allo aka hore mu kada a yi bayan gida a kan hanya ko a inuwar da mutane ke hutawa.

In da tsohuwa ko mai ciki a tafiyar, ku zaɓi gajeriyar hanya wadda za ku dawo kafin azahar. Mu haka muka yi, Goggo ta yi alwalarta da ragowar ruwan buta a gindin tudu.