Injin kwale-kwale ya ƙi tashi bayan sabis: inda za ka duba

Injin da ya yi aiki jiya, aka yi masa sabis, yau kuma ya ƙi tashi, laifin kusan kullum yana wurin da hannu ya taɓa. Kafin ka aika Garwa ko Injamena a sayo maka sabon CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, bi sawun aikin da aka yi. Bayanin nan ya fi shafar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, wanda ake haɗa wa fetur da man 2T, irin da ya cika bakin ruwa daga Lagdo har Kusiri da Darak. A yi gwajin inji yana cikin ruwa ko cikin duro. Idan ya tashi a busasshe, robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi.

Fara da jar igiyar kashe inji. Idan ɗan makullinta bai zauna daram a ƙarƙashin maɓallin ba, babu wuta, ko ka wuni kana ja. Sai giya: in ba a firi take ba, igiyar tayarwa takan cije. Idan an sauke ƙafar inji, wato ɓangaren ƙasa mai ɗauke da farfela, don canza robar famfo, mai yiwuwa sandar giya ba ta koma daidai ba. Ajiye hannun giya a firi, cire makullin jar igiyar, ka juya farfela da hannu. In ta ƙi juyawa sakayau, a sake daidaita mahaɗin sandar.

Daga nan sai mai, kuma nan ne aka fi samun matsala. Sassauta ɗan notin iska da ke kan murfin tanki, domin tankin da ba ya shaƙar iska ba ya sakin mai. Dubi kibiyar da ke jikin ƙwallon matsa mai: inji za ta nuna, ba tanki ba. Makanikai da yawa sukan juya tiyo a garin mayarwa. Ɗaga ƙwallon yadda kibiyar za ta kalli sama, ka matsa har ya yi tauri. In ya ƙi tauri, ko iska na shiga ta wani wuri, ko kafireta na zubar da mai. Duba kofin matatar mai: sau da yawa bayan wanki siririyar robar bakinsa takan faɗi cikin yashi, ko ta murɗe, sai inji ya riƙa zuƙar iska. Idan ƙwallon ya yi tauri, kwance notin da ke gindin kafireta, ka tari abin da ya fito a farar kwalba. In ba abin da ya fito, allurar da ke buɗe wa mai hanya ta maƙale. In ka ga ɗigo-ɗigo sun kwanta a ƙasan kwalbar, ruwa ne, a juye tankin duka. Man zuwa-zuwa da ake saye a jarka da kwalabe yakan zo da ruwa da ƙasa, don haka tace shi ba ɓata lokaci ba ne.

Haɗin mai ma a duba. A ma'aunin 50 da 1, tankin lita 25 rabin lita na man 2T yake ci. Injin da aka sa wa sabon fistin da zobba akan ninka masa, 25 da 1, na awannin farko. Amma wanda ya zuba ba awo, wai don inji ya ji daɗi, fulogi kawai yake kashewa.

Yanzu cire fulogi, shi zai gaya maka gaskiya. In ka same shi bushe bayan ja goma da cok (abin da ke rage wa kafireta iska) a rufe, mai ba ya isa ciki, koma kan kafireta. Ramin ƙaramin jet ɗin silo, wanda mai ke bi a cikin kafireta idan ba a ba da totur ba, bai fi bakin allura ba, zaren tsumma ɗaya ya isa ya toshe shi. A busa shi da iska, kada a zura masa waya, tana faɗaɗa ramin. Notin daidaita iska da mai kuma, in an kwance shi ba a ƙirga ba, a ɗaura shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba, sannan a dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi. Wannan ya isa inji ya tashi, daga baya a daidaita shi da adadin da littafinsa ya faɗa. Gasket ɗin da ke tsakanin kafireta da jikin inji, in ya yage ko an manta da shi, iska za ta yi wa mai yawa.

In kuwa fulogin ya jiƙe sharkaf yana warin fetur, inji ya sha mai. Buɗe cok, ja igiya sau biyar ko shida fulogi na waje, makullin jar igiya a cire don kada tartsatsi ya haɗu da tururin mai. Shanya fulogin, mayar da shi da makullin jar igiyar, ƙara totur kaɗan ka ja ba cok.

Gwajin wuta kuwa, a goge duk man da ya zube tukuna. Sa fulogi a hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka ja. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana ƙara tas-tas. Ja ko rawaya mai rauni ce. A rana tsaka ba ta ganuwa sosai, sai an yi mata inuwa. Tazarar bakin fulogi: samfurin NGK B7HS kamar milimita 0.6 zuwa 0.7, mai lamba 10 a ƙarshe kuma 0.9 zuwa 1.0. Fulogin jabu ya yi yawa a kasuwa, saboda haka kada a yar da tsohon da ke aiki, shi ne abin gwaji. In babu wuta sam, duba baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin inji, ko an bar ta a sake ko an ɗaura ta kan fenti. Sannan cire farar wayar maɓallin kashewa ka sake ja. In wuta ta dawo, maɓallin ne ya lalace ko murfi ya danne wayar. Inji in ya tashi a haka, da cok za ka kashe shi.

Akwai injin da ke da mai da wuta, amma sai atishawa da harbi ta baya. A injin da kowace silinda ke da nata kwayil mai ba fulogi wuta, duba ko an musanya wayar sama da ta ƙasa. In ya fizge igiya daga hannunka, kuma an cire babban faifan da ke saman inji lokacin sabis, ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke riƙe shi a mazauninsa ya karye ko ya goce, don ba a ɗaure notin yadda ya kamata ba. Daina ja, yana iya gurɗa hannu. A sa sabon ɗan ƙarfen, a goge mazaunin ya bushe, a ɗaure da sufana mai awo.

Idan igiya ta yi sauƙin ja fiye da da, an rasa matsi. A auna silinda biyun da geji. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 yana nuna gasket ɗin kai bai zauna ba ko zobe ya karye a garin mayar da fistin. Da inji ya tashi, idonka ya koma kan fitsarinsa, wato siririn ruwan sanyaya inji da yake fitarwa: in ruwa bai fito ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, kashe shi nan take, bututun ruwa bai shiga bakin famfo ba lokacin da aka mayar da ƙafar.