Yadda ake girkin tallan kayan kicin a gida ba tare da an cinye riba ba

Duk mai sayar da kayan kicin a zangunan Kumasi ta san tukunyar da ke cikin kwali ba ta da baki. Mace za ta ɗauka, ta juya, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ce Allah ya kawo kasuwa, ta ajiye. Ba ta kwance bakin zani sai ta ga abin yana aiki a gabanta. Shi ya sa muke tara mata a gidan ɗaya daga cikinsu, a yi girki, a ɗanɗana, a yi ciniki. Na daɗe ina wannan sana'a tsakanin Aboabo, Asawase da Sawaba, kuma ƙannena da ke shigowa sababbi kusan duk rami ɗaya suke faɗawa: suna girki kamar na walima.

Ni ma ta nan na fara. Ranar fitata ta farko na dafa jalof da kaji, na haɗa salad, na sayo lemon kwalba. Mata sun cika tsakar gida, sun ci, sun sa mini albarka, sun tafi, kuma ko ludayi ban sayar ba. Ba laifinsu ba ne, don jalof ɗin da suka ci kowacce tana iya dafa shi a tsohuwar tukunyarta, babu abin da ya nuna musu game da tawa. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida: kuɗin cefanen nuni kada ya wuce ribar kaya guda ɗaya, kuma abincin da zan dafa ya zama wanda kowa ya san wahalarsa. A wurinmu wannan abincin wake ne. Babu macen da ba ta taɓa zama tana jiran wake ya nuna gawayi yana ƙarewa ba, babu wadda ba ta taɓa aika yaro inji da ƙullun ƙosai ya dawo an gauraya shi da ragowar masarar wani ba.

Cefane

Ki sayi farin wake gwangwanin majarin uku, biyu na ƙosai, ɗaya na waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana. Shinkafa gwangwani biyu, ta gida ma ta isa, ba sai mai ƙamshi ba. Albasa huɗu, attaruhu kaɗan, ƙwai uku, man gyaɗa kwalba ɗaya, karan dafi ɗauri ɗaya, sai zoɓo, citta da kanumfari. Shito, wato soyayyen yajin barkono da mai, ki ɗebo na gidanki a ƙaramar kwalba. Wannan ya ishi mata goma sha biyar, domin ɗanɗano za a yi, ba cin rana ba. Babu nama, babu kifi, babu taliya, babu ganda. Kin lura babu tumatir, kuma da gangan ne: farashinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, musamman da rani lokacin da ake jiran motocin Burkina, kuma miya tana cin lokacin da ba ki da shi.

Idan za ki riƙa yin nuni kowane mako, ki sayi waken olonka guda, wato babban gwangwanin awo, a kasuwar Kejetia ko ta Aboabo ki ajiye, ya fi sauƙi a kan saye gwangwani-gwangwani a bakin layi. Amma ki duba sosai, kada a ba ki tsohon wake mai ƙwari. Tsohon wake yana daɗewa bai nuna ba ko a wace tukunya, kuma ke ce za ki ji kunya.

Lokaci da wuri

Ni bayan la'asar nake sa wa, ranar aiki ko Asabar. Lahadi ta biki ce a zango, ba za ki samu kowa ba. A Kumasi magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda haka abin da kike da shi bai kai awa uku ba, har da gaisuwa da jiran waɗanda suka makara. Girkin kansa kada ya wuce minti 50.

Ki je da gas ɗinki, ƙaramin silinda mai kilo 3 ko 6, kada ki dogara da na matar gida. Ki je da doguwar waya ta lantarki, ki gwada soket kafin mata su taru. Ƙarfin wutar Ghana volt 230 ne, don haka idan a cikin kayanki akwai bilendar da aka kawo daga Amurka mai 110, kada ki kuskura ki jona ta kai tsaye, nan take za ta ƙone. Matar gida kuma ki ba ta ɗan abin sayen wutar mita, da ƙaramar kyauta irin kwano mai murfi ko ludayi, tun kafin a fara, ba bayan an watse ba.

Abin da ake yi tun daren jiya

Waken ƙosai ki jiƙa, ki surfa, ki wanke dusar tas a gida, don babu wadda ta zo kallon wankin wake. Karan dafi ki tafasa shi daban, ki tace jan ruwan a kwalba. Kada ki sa ganyen kansa a tukunyar matsi, wato mai dafa abinci da tsararren tururi, zai iya toshe hancin da tururi ke fita. Sobolo, wato zoɓon sha, shi ma a gida za ki dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba in kina da shi, ki tace, da safe ki zuba a kular da kike sayarwa tare da ƙanƙara, ki rufe, kada ki sake buɗewa sai a gaban mutane. Waken waakye kuwa kada ki jiƙa. Busasshe za ki kai shi, ki miƙa wa babbar da ke wurin, ki ce, "Hajiya, taɓa ki ji," don kada wata ta ce dama kin dafa shi rabi.

A fara da tukunyar matsi

Ita ce ke buƙatar lokaci, ita ce kuma mata ke tsoro, saboda kowa ya ji labarin wadda ta fashe. Ki wanke waken a gabansu, ki zuba jan ruwan karan dafi ya sha kansa da kamar gaɓa biyu ta yatsa, ki sa cokali ɗaya na mai don ya kwantar da kumfa. Wake da shinkafa ba sa wuce rabin tukunya, wannan doka ce, ki faɗa musu da ƙarfi. Kanwa ba ta da aiki a nan. Ki ɗaga murfin ki nuna musu robar da ke ciki, ki leƙa hancin ta hasken rana su ga a buɗe yake, sannan ki rufe. Bayanin da nake yi gajere ne: ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce zafin digiri 100, amma idan aka tsare tururi yana kai wajen 120, shi ya sa wake ke saurin laushi. Idan ta fara huci ki rage wuta, ki ba wata daga cikinsu aikin duba agogon wayarta, minti 15. Ita za ta zama shaidarki.

Ƙullun ƙosai, inda ake zubar da mutunci

Nan ne nake so ki natsu, domin nan ne na ga 'yan mata da yawa sun yi asara, kuma nan ne ni kaina na taɓa yin kuka a bayan ƙyaure. A wani gida a Asawase ne. Na cika bilenda da wake, ta fara gurnani ba ta juyawa, mata goma sha bakwai sun zuba mini ido. Sai na ƙara ruwa, na sake ƙarawa, har ta sake. Ƙullun ya fito sumul kamar koko. Da na ɗiga a mai sai ya watse, ya zama ɓurɓushi, ya shanye man. Wata dattijuwa da ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin titi ta ce a hankali, "'Yata, injin nan ba na ƙosai ba ne." Maganarta ta bi unguwar, na yi watanni ban sayar da bilenda a layin ba, alhali laifin hannuna ne.

Ga yadda nake yi yanzu. Albasa da attaruhu su ne a ƙasa, kusa da wuƙa, saboda albasa tana sakin ruwanta ta taimaki injin ya juya. Wake a kai, kada ya kai rabin kofin, gara ki niƙa sau uku da ki cika sau ɗaya. Ruwa ki tsaya da shi ƙasa da saman waken, ya zama kina ganin ƙwayoyin sama a tsane. Ki kunna ki kashe, ki kunna ki kashe, sau biyar ko shida, sannan ki bar ta ta yi gudu na ɗan lokaci, bai kai minti ɗaya ba. Idan ta tsaya, ki kashe, ki cire murfi, ki tura waken ƙasa da cokali, ki ƙara ruwa cokali biyu kacal. Cokali nake cewa, ba kofi ba. Tsakanin niƙa da niƙa ki bar ta ta huta, ki ɗora tafin hannu a jikinta, in ta yi zafi ki jira, ki yi amfani da lokacin wajen amsa tambayoyi. Ƙananan bilenda masu wat 300 zuwa 400 suna yin ƙosai, amma a hankali, kuma ki faɗa wa mai saye gaskiyar haka. Wadda ke tuyar sayarwa kada ki sayar mata da ƙarama, za ta dawo miki da ita a ƙone.

Ƙullun da ya yi daidai, idan kin ɗebo da cokali kin karkata, sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya faɗi dunƙule. Ki murza shi tsakanin yatsu biyu, ki ba na kusa da ke su murza, su ji babu tsaki. Kullum ina ware danƙi ɗaya na surfaffen wake a gefe, idan ƙullu ya yi ruwa sai in mayar da shi bilenda in haɗa da shi ya yi kauri. Wannan danƙin ya cece ni ba sau ɗaya ba.

Niƙa ba ita ce ƙarshe ba. Ki juye a roba ki buga da muciya ta gefe ɗaya, minti biyar, har ya yi fari ya tashi. Bilenda ba ta maye gurbin bugu, duk wadda ta ce miki haka ba ta tuya. Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya taso sama ya yi. Gishiri sai dab da tuya, kuma a ɗan abin da za ki soya a lokacin, domin yana sa ƙullu ya saki. Mai ya yi zurfin yatsa uku a ƙaramin kasko, ƙosai ƙanana ki yi kamar goro, kowa ya samu biyu. Idan kuma kina tsoron dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ki taho da ɗan niƙaƙƙen ƙullu a fulas, amma ki gaya musu da wannan bilendar kika niƙa da safe.

Komawa kan waakye

A tsakiyar aikin ƙosai mai riƙe da agogo za ta yi magana. Ki kashe wutar, ki bar tukunyar har ɗan ƙarfen da ke kan murfi ya sauka da kansa. Kada ki taɓa buɗewa da ƙarfi, kada kuma ki bar wata ta gwada. Ki buɗe murfin yana kallon nesa da fuskarki, ki ɗebo wake ki ba Hajiyar da ta taɓa shi ɗazu ta matse. Sai shinkafa da gishiri, ruwa ya ɗan haura kanta, ki rufe, minti 6 daga fara huci, ki sauke ki bar ta a rufe minti 10.

Shi kuwa kaskon da abinci ba ya manne masa, ƙwai ne abincinsa. Cokalin mai ɗaya, ƙwai da albasa, wuta kaɗan, ki karkata kaskon ƙwan ya zame da kansa zuwa faranti, ki goge da tsumma su ga babu ƙanzo. Ki ja kunnensu: ba a ɗora shi wuta babu komai a ciki, ba a sa masa cokalin ƙarfe ko soson waya. Ƙwan ki yanka ƙanana a ɗora kan waakye.

Rabo a ƙananan kwanoni, cokali uku na waakye, ɗigon shito, ƙosai biyu. Sannan ki ba matar gida kular ta buɗe da hannunta, ki girgiza su ji ƙarar ƙanƙarar da ta shiga tun safe, a zuba sobolo.

Farashi ki faɗa suna cikin ci, sau ɗaya, a fili, kowa ya ji abu ɗaya. Mai biya a take da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko sidi a hannu ki rage mata kaɗan, mai son biya kashi-kashi kamar adashi ki rubuta sunanta a littafi a gaban matar gida, kaya kuma sai ta biya rabi. Kayan da kika yi girki da su ba na sayarwa a matsayin sababbi ba ne. Ragowar abinci na yaran gida ne, man tuyar ki tace a kwalba don nuni na gaba. Kafin a kira magariba ki tambayi wadda ta fi yawan tambaya ko za a iya taruwa a gidanta mako mai zuwa.