Birkin ƙaramar tarakta ya ƙi kamawa: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Ƙananan taraktocin nan na yankan ciyawa da jan 'yar tirela a lambu, irin su Murray da Craftsman da ke shigo mana a gwanjo, birkinsu daban yake da na mota. Babu man birki, babu bututu. A yawancin masu giyar hannu, ɗan faifan ƙarfe ne guda ɗaya a jikin giyabos, bai kai tafin hannu ba, da 'yan takalma biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Idan ka taka birki, sanda za ta ja wani hannun ƙarfe, shi kuma ya tura fil guda biyu su matse faifan.

Kuskuren da na fi gani shi ne a zarce kan notin saiti, wato notin da ke daidaita tazarar takalmi da faifai, a yi ta ɗaurewa. An taɓa kawo mini wata da aka ɗaure notinta har ƙato biyu suka kasa tura ta, faifan ya yi shuɗi saboda zafi, amma ko ka taka ko ka saki duk ɗaya ne. Da na kwance, sai na tarar fil ɗin nan biyu sun kafe a raminsu. Su ƙarfe ne, gidansu alminiyum, ga ciyawa mai laima tana kwana a wurin duk damina. Tsatsa ta haɗe su kamar an yi walda. Maganinsa a cire gidan birkin, a fitar da fil ɗin, a goge su da samfefa har su yi ƙyalli, a share ramin, a shafa musu giris ɗan kaɗan. Sai ka ga kana tura su da yatsa suna shiga suna fita kafin ka mayar.

Wajen kwancewar ma ana ɓarna. Notuna biyun da ke riƙe da gidan birkin suna saurin karyewa a cikin giyabos, kuma fitar da guntun wahala ce ta yini guda. Jiƙa su da kananzir ko man kwance tsatsa, ka bar su su kwana, sannan ka juya a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Ka shimfiɗa buhu a ƙasa tukuna, domin akwai wani ɗan falle na ƙarfe a bayan takalmin waje, wanda fil ɗin ke dannawa. Idan ya faɗi cikin yashi aka haɗa babu shi, fil zai huda takalmin ya farfasa shi.

Shi kansa faifan an yi shi ne ya riƙa ɗan zamewa a kan shaf ɗinsa. Wasu suna jin yana motsi sai su ɗauka lalacewa ce, har su ɗiga masa walda. Kada ka yi. Faifan da ya kafe shi ne mai matsala, domin takalmi ɗaya ne kawai zai ci. Idan kuwa ka ga faifan jiƙe da mai, to oyil sil ɗin bayansa, wato robar da ke tare mai, shi ne ke yoyo, kuma sabon takalmi ma ba zai kama ba sai an canza shi an wanke faifan tas.

Akwai kuma wanda birkinsa lafiya lau yake, ki ɗin taya ne ya ɓace. Yakan faru bayan an kai taya wurin faci: ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke haɗa taya da aksil ya faɗi ba a lura ba. Alamarsa, ka sa giya ta ƙi tafiya, ka taka birki ta ƙi tsayawa.

Gwaji a kan jak ma yana ruɗar mutane. Idan tayoyin baya suna sama ka juya ɗaya, ɗayar za ta juya ta baya ko da birki a kame yake, don kuwa haka nan difiranshal, wato haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu, ke aiki. Ba a nan ake gane birki ba.

Sai bayan duk wannan ake taɓa notin saiti. A kashe inji, a zare wayar fulogi, a sa waigi. Ka ɗaure a hankali har tazarar da ke tsakanin takalmi da faifai ta zama siririya ƙwarai, ƙasa da rabin milimita. Sannan a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a gangara ba, cire waigin ka sa ta firi ka tura: ta tafi sumul. Kulle birkin ka sake turawa, tayoyin baya su ja ƙasa ba tare da sun juya ba.