Yadda ake kama malaman coci masu kwaɗayi a cikin Labaran Canterbury

Wanda ya buɗe littafin Geoffrey Chaucer yana jiran ya ji zagi tsirara zai sha mamaki. Marubucin, ɗan Ingila wanda ya rasu a 1400, ba ya cika cewa wane ɓarawo ne. Yabo yake yi, a cikin yabon kuma yake tona asiri. Ga yadda za ka karanta shi har ka kama su da hannu dumu-dumu.

Da farko, san inda kake. Mutum 29 ne Chaucer ya tarar a masaukin Tabard da ke Southwark, daf da Landan, za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin Canterbury da aka kashe a cikin cocinsa a 1170. Littafin tarin labaran da matafiyan suka ba juna ne a hanya. Chaucer ya fara aikin wajen 1387, lokacin da martabar coci ta zube. Tun 1378 Paparoma biyu ke rigimar kujera, ɗaya a Roma ɗaya a Avignon da ke Faransa ta yau, kuma a boren talakawa na 1381 an fille kan babban limamin Canterbury, Simon Sudbury. Turancin littafin ya tsufa, don haka nemi bugun da aka sabunta harshensa.

Na biyu, kada ka tsallake gabatarwa, inda aka siffanta matafiyan ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki biro, duk inda aka ambaci tufa, abinci ko kuɗi ka ja layi. Ɗan zuhudun da ya ɗau alƙawarin gudun duniya yana da dawakai masu kyau da karnukan farauta, bakin hannun rigarsa an yi masa ado da gashin dabba mai tsada, ga fil na zinariya a ƙarƙashin haɓa, kuma babu gasasshen naman da yake so kamar na wani ƙaton tsuntsun ruwa mai kitse. Shugabar 'yan zuhudu mata, Madam Eglantine, kuka take yi in ta ga ɓera a tarko, tana ciyar da 'yan karnukanta gasasshen nama da madara da farin burodi. Duba da kyau ko an ambaci wani matalauci da ta tausaya wa. Babu.

Na uku, kada ka gaskata mai ba da labarin. Da ɗan zuhudun ya ce dokar zuhudu ta waliyyi Benedict ta tsufa, kuma ba zai haukatar da kansa da karatu ba, sai mai labarin ya ce ra'ayinsa mai kyau ne. A nan masu gaggawa ke faɗuwa. Duk inda yabo ya yi zaƙi, koma ka karanta layin da ke gabansa da na bayansa.

Sai ka nemi ma'auni, wato limamin ƙauye. Talaka ne mai ilimi, ba ya tsine wa mutane don sun gaza biyan ushiri, yana takawa da sanda zuwa gidan da ya fi nisa ko ana ruwa ko ana tsawa, kuma bai bar garkensa ya tafi Landan neman aiki mai maiƙo ba. Tambayarsa ita ce: in zinariya ta yi tsatsa, ina ga ƙarfe? Shi ne ke nuna maka cewa Chaucer da masu ci da addini yake faɗa, ba da addinin ba.

Yanzu bi sawun kuɗi. Huberd, mai wa'azin bara, yana sassauta kaffarar zunubi a inda ya san za a cika masa hannu. Ya fi sanin masu gidajen giya a kan kutare da mabarata, kuma ko matar da mijinta ya mutu, wadda ba ta da takalmi, sai ya tatsi ɗan kwabonta. Mai kai sammacin kotun coci kuwa, da jar fuska mai ƙuraje da warin tafarnuwa, tulun giya ɗaya ya isa ya bar mutum ya ajiye farka shekara guda. Su biyun ba sa ga maciji. Kowa ya ba da labarin cin mutuncin ɗaya: a na farko Shaiɗan ya yi gaba da mai sammaci, a na biyu wani majinyaci ya yi wa mai bara sadakar tusa, aka shiga lissafin yadda za a raba ta daidai tsakanin 'yan'uwansa masu bara.

Ka ajiye mai sayar da takardun gafara a ƙarshe, ka karanta shi sau biyu, domin shi ne uban tafiyar. Jakarsa cike take da takardun da ya ce daga Roma suka fito, da rigar matashin kai da yake cewa mayafin Maryamu ne, da ƙasusuwan alade a cikin kwalba a matsayin na waliyyai. Abin da yake samu a yini guda ya fi na limamin ƙauye a wata biyu. Ba ya ɓoyewa. Da bakinsa ya faɗa wa abokan tafiya cewa wa'azinsa kullum ɗaya ne, son kuɗi tushen mugunta, ayar da ke cikin wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti, kuma don kuɗin yake yin sa. Mun san irin maganar: bi abin da malam ya faɗa, ba abin da ya aikata ba.

Abin da zai dame ka shi ne wa'azin nasa yana ratsa jiki. A labarin da ke cikinsa, mashaya uku sun fita neman Mutuwa su kashe ta, wani tsoho ya nuna musu gindin wata bishiya, suka tarar da tarin zinariya. Aka aiki ƙaraminsu gari ya sayo burodi da giya, ya zuba guba a kwalabe biyu. Da ya dawo suka daɓa masa wuƙa, suka zauna suka sha giyar.

Lura da abin da ya biyo baya. Yana gamawa sai ya buɗe jakar da ya riga ya ce ta bogi ce, ya kira mai masaukin Tabard da ke tafe da su, Harry Bailly, ya fara zuwa ya biya ya sumbaci kayan. Mai masauki ya ce kai da za ka sa ni sumbatar tsohon wandonka ka rantse na waliyyi ne, ya ƙara da ashar da ba za ta rubutu a nan ba. Mai takardu ya ƙulu har ya kasa magana. Jarumin da ke cikin ayarin ya shiga tsakani, ya sa suka sumbaci juna, suka hau dawakai suka ci gaba da tafiya.