Yadda ni da yarana muka haɗa Curiosity a tsakar gida

Curiosity muka kwaikwaya, mutum-mutumin nan mai taya shida da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauke a duniyar Mars a watan Agustan 2012. Na asalin ya kai girman ƙaramar mota, namu kuwa bai fi kwalin takalmi ba.

Ku fara da ƙafafu, don nan aikin yake. Ku yanka bututun roba na wayarin, ku yi wa kowane gefe hannu biyu, babba da ƙarami, ku haɗa su da noti. Kada ku ɗaure notin tamau. Lilon da hannun ke yi shi ke sa tayoyin duka su riƙa taɓa ƙasa idan ya hau dutse. Mu sai da muka kwance sau biyu kafin muka gane haka.

Sai ƙananan moto shida, batir mai caji samfurin 18650 guda biyu, Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ke ba da umarni) da allon L298N (mai sarrafa wutar da ke zuwa wa moto). Moton ta allon L298N za su bi. In kuka jona su kai tsaye da Arduino, zai ƙone. Liƙa waya da ƙarfe mai zafi aikin babba ne.

Gangar jikin kwali ce. Fenti na bar wa auta, ta shafa fari, ta kafa murfin kwalba a matsayin kyamara.