Sukari a Gindin Shuka: Inda Ake Kuskure da Bakteriya Masu Amfani

Saiwar shuka tana tsatso da sukari kaɗan-kaɗan cikin ƙasa: gulukos, furuktos da sukuros. A wurin bakteriya irin Bacillus subtilis, sukuros abinci ne kuma kira ne. Tana sarrafa shi ya zama wani yauƙi mai suna leban, shi kuma ya sa ta ƙara fitar da safaktin, sinadarin da ke ba ta damar malala a jikin saiwa. Da ta mamaye wurin sai ta yi shimfiɗa mai danƙo, 'yan uwanta irin Bacillus velezensis kuma su saki sinadaran iturin da fengisin masu huda fatar funfuna mai cutar da shuka kamar Fusarium da Rhizoctonia.

Daga jin haka sai wasu su narka sukari ko molas (ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an cire sukari) su tuttula a gindin shuka. Wannan shi ne babban kuskuren. Sukarin da aka zuba ba ya zaɓen mai ci. Pythium, mai ruɓar da tsiro tun yana jariri, yana farkawa cikin 'yan sa'o'i da jin zaƙi, ya riga bakteriyarka isa. Sauran ƙwayoyin ƙasa kuma su hayayyafa su wawashe naitirojin, ka wayi gari ganye ya yi rawaya. Amfanin kiran yana cikin ƙanƙantarsa da kuma inda yake fitowa, wato jikin saiwa. Don haka bakteriyar za ka kai wurin: a cuɗa ta da iri, galibi giram 10 na garin bakteriyar ga kilo 1 na iri, ko a tsoma saiwar dashe a ruwanta kafin a dasa.

Haka masu jiƙa taki da molas don su "ninka" bakteriya. Abin da ke cikin bokitin duka ne ke ninkuwa, har E. coli da Salmonella masu sa wa mutum ciwo, in akwai su.

Wani kuskuren kuma shi ne jinkiri. Bakteriyar rigakafi ce, ba magani ba; shukar da ta riga ta yi yaushi daga Fusarium ta wuce nan.

Kada a haɗa ta tanki ɗaya da maganin feshi mai jan ƙarfe, yana iya kashe ta. Ruwa mai kulorin a bar shi a buɗe awa 24 kafin a dama bakteriyar da shi. A zuba da yamma a ƙasa mai danshi, domin a busasshiyar ƙasa sukarin saiwa ba ya tafiya, bakteriyar ma ba ta iyo.

Wajen ajiya, Bacillus tana da ƙwanso mai jure zafi. Pseudomonas fluorescens, wata bakteriyar mai amfani, ba ta da shi, ledarta da ta sha rana sai dai a zubar.